Ƙofar da Akuya ta Auna

Notin madubin motar ya ƙi kwancewa. Baba Ɗanlahadi ya tokare ƙafa ɗaya a jikin taya, ya kama sifana da hannu biyu, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Hagu, maƙwabci," in ji Malam Gide daga kan tabarmarsa a inuwar ɗaki. "Hagu ake kwance noti."

"Hagun nake yi."

"Hagun wa? Ƙara ɗaure shi kake."

Bai rufe baki ba sai suka ji ƙas. Notin ya karye, madubin ya suɓuce ya faɗi a kan dutse ya tsage biyu. Baba Ɗanlahadi ya tsaya da sifana a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. A da, ko ƙwarzane aka yi wa motar nan sai duk unguwa ta ji. Yau Malam Gide kallon madubin kawai ya yi, ya ja numfashi da ƙyar.

"To, ya dai fita. Zagaya ka cire ɗayan."

Wannan sanyin bakin shi ya fi tsorata Baba Ɗanlahadi, fiye da kumburin ƙafafun maƙwabcin nasa, fiye da idanun da suka koma launin ɗorawa.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya sa tsofaffi biyu ke tuɓe mota da rana tsaka. Malam Gide mutumin Damari ne, can ƙasar Sabuwa. Direba ne tun yana saurayi, da wannan tsohuwar akori-kurar yake jigilar masara da dawa kasuwa-kasuwa. Da zama ya gagara, mutanen daji suka hana noma suka hana barci, sai ya ɗora matarsa Adama da tukwanenta da akuyarta a bayan motar, ya taho Ƙanƙara. Ya samu ɗan gida a jikin na Baba Ɗanlahadi, wani Kirista ɗan Sheme mai awon hatsi a kasuwa, wanda ya daɗe a garin. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, gajeriya, wadda in mace ta taka turmi za ta miƙa wa 'yar'uwarta gishiri.

Lokacin katangar gaban gidan a rushe take. Malam Gide ya shigo da motar da baya, hancinta na kallon hanya, ya kashe ta, ya daki sitiyari ya ce a cikinta ya fito, a cikinta zai koma. Ita kuwa kamar jira take. Daga wannan kashewar ba ta ƙara tashi ba.

Shi Malam Gide, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da ba ya iya ganin aiki ya kira mai shi. Komai sai ya ce ai yana da hannu. Shi ya ɗora wa ɗakinsa indararo ya juya bakinsa cikin gidan maƙwabci, duk ruwan da ya sauka a kwanonsa a bakin madafar Ramatu, matar Baba Ɗanlahadi, yake zuba. Ta yi magana ta gaji, ta ajiye duro a wurin. Ya taɓa juye wa motar sabon baƙin mai ya manta bai mayar da notin ƙasa ba, man ya bi tsakar gida, kajin Adama suka daɗe suna yawo da baƙaƙen ƙafafu. Duk waɗannan an yi dariya an manta. Wanda aka kasa mantawa shi ne na ƙofa.

Da kaka ya tashi gina katangar. Ya yanko ɗanyen karan dawa, ya gwada faɗin motar da shi yadda ake awon ɗaki a ƙauye, ya ƙara ɗan sarari, ya datse. Ya jingine karan ya tafi sallar la'asar. Baba Ɗanlahadi na zaune a dakalinsa ya ga akuyar Adama ta ture karan ta kama kansa tana tauna. Ya jefe ta da hoge, amma ta riga ta ci rabonta.

Da a ce ya ja shi gefe ya faɗa masa a kunne, da ba a kai ga haka ba. Sai ya bari har mutane suka fito daga masallaci, ya ɗaga murya yana dariya.

"Malam, sake awo. Injiniyarka ta zo ta rage maka."

Aka fashe da dariya, har da samarin da ke kai masa bulo. Malam Gide ya ɗauki karan, ya dubi inda haƙori ya tattauna, ya dubi mutane.

"Ganye ta ci. Awona na nan yadda yake."

Da wannan karan ya kafa ginshiƙai biyu na bulo da siminti, har da rodi a ciki, ya rataya ƙyauren kwano. Kowa ya wuce ya dubi ƙofar ya dubi motar ya san ba za ta fita ba. Amma tunda ba ta tashi, ba a taɓa gwadawa ba, maganar ta zama abin zolaya. Aka sa wa motar suna 'yar kulle. Kullum da safe Baba Ɗanlahadi zai leƙo ya ce, "Malam, yaushe 'yar kulle za ta fito ta gaishe mu?" Shi kuma ya ce, "Ran da ta fito kai za ka fara roƙon a rage maka hanya." Haka suka yi shekaru, suna cin goro ɗaya.

Bana, da ruwa ya sauka, ciwon hanta ya kwantar da Malam Gide. Aka kai shi asibiti, aka sallamo shi da 'yan ƙwayoyi, aka ce a je gida a ci gaba da addu'a. Shi ma ya gane. Abu ɗaya ya roƙa: a kai shi Damari da sauran numfashinsa, ya cika a can, a kwantar da shi kusa da iyayensa. Direbobin tasha babu wanda ya yarda ya sa motar ubangidansa a wannan hanya. Mai ƙarfin halin cikinsu ya ce zai ajiye shi a bakin titi ya ƙarasa a babur. Mutumin da sai an tokare shi da matashi yake zama, ina shi ina babur? Sai Sagiru, ɗan ƙanen Malam Gide, magidanci ne shi ma direba, ya ce in dai 'yar kulle za ta tashi, shi zai ja ta ya kai baffan nasa gida, abin da zai faru ya faru. Ya yi ta zarya gareji yana aro wannan yana canjo wancan, har ran nan da hantsi motar ta yi tari, ta girgiza, ta tashi. Adama ta fito daga madafa da muciya a hannu tana hawaye.

Saura ƙofa.

Shi ya sa aka cire madubai. Aka cire hannayen ƙofofi, aka sauke ƙarafan da ake ɗaura tamfol. Da Sagiru ya zo da yamma ya ɗauki igiya ya gwada bodin baya, ya je ya gwada tsakanin ginshiƙai, ya dawo ya tsuguna gaban tabarma.

"Faɗi mana," in ji Malam Gide.

"Kan motar zai wuce, Baba. Bodin ne. Ya fi ƙofar da kamar yatsu uku."

"A sace iskar tayoyin mana," in ji Baba Ɗanlahadi.

Malam Gide ya juyo da kai a hankali. "Maƙwabci, faɗi ne ya yi mata yawa, ba tsawo ba. Kai dai tsaya a mudunka."

Sagiru ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Ya ce, "Baba, a fasa ginshiƙi ɗaya. Kafin magariba na gama da shi."

"Ba za a fasa ba."

"Don Allah, Baba. Wa zai yi maka dariya yanzu? Kowa a unguwar nan addu'a yake maka."

"Na ce ba za a fasa ba."

Baba Ɗanlahadi ya ji ransa ya ɓaci. Ya jefar da sifanar. "Haba Malam. Har yanzu maganar akuya ce? Ni na yi dariyar, na ji, na ɗauka. Girman kan nan da shi za ka tahi?"

Malam Gide ya juya kai wajen ƙofar. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna ginshiƙin hagu.

"Bi shi da ido zuwa sama."

Suka bi. A kan ginshiƙin wani katako ya kwanta, ya shige ƙarƙashin kwanon ɗakin Adama.

"Katakona ya gaza lokacin da nake rufin, sai na ɗora shi a nan," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada ta ji daga madafa. "In kun fasa wanga ginshiƙi, rufin ɗakinta zai zauna. Ni in na tahi ba dawowa zan yi ba. Ita za ta dawo nan ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita, ga damina, ga gari yadda yake. In bar ta ba rufi ba ƙofa? Wa zai gina mata? Kai, da wagga gwiwa taka?"

Babu wanda ya dubi ginshiƙin dama, don kowa ya san da me yake haɗe. Malam Gide da ya zo gina shi, bulo ya ƙare masa, sai ya cusa rodin cikin bangon ɗakin ajiyar hatsin Baba Ɗanlahadi ya liƙe da siminti. Bangon na ƙasa ne, tsoho. In aka fasa ginshiƙin, kusurwar ɗakin za ta biyo shi, ga buhunan masara cike har rufi, ga hadari kullum yana haɗowa. Malam Gide bai roƙa ba. Baba Ɗanlahadi kuma ya sunkuya ya tsince gutsattsarin madubi ɗaya bayan ɗaya, ya ce sai da safe.

Washegari ya tafi kasuwa, ya yi awo hankalinsa ba ya kan mudu, har wata mata ta ce masa ya zuba mata gero a kan dawa. Ya ce wa kansa sai ya samu inda zai kwashe buhunan tukuna. Ya ce wa kansa ai jikin Malam da ɗan sauƙi, jiya har ya sha kunu. Da ya dawo bai shiga gidan ba, daga bakin ƙofa ya yi sannu ya wuce.

Kashegari da sassafe yana wanke fuska, Ramatu ta sauko daga kan turmi inda ta miƙa wa Adama koko. Ta tsaya a kansa.

"Kokon jiya ma bai sha ba. Ta ce tun asuba yake kiran sunayen gonakin Damari."

Ya ci gaba da zuba ruwa a fuska.

"Ka ji ni kuwa?"

"Na ji."

"Masarar nan, in ta jiƙe, mi za a yi? Shanya ta za a yi. Shi fa?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko guduma, ya fita ko hula bai sa ba.

Ya ishe an fito da Malam Gide tsakar gida, an jingina shi da bango. Cikin kwana biyun nan fuskar ta zube, sai hanci da idanu. Ya dubi gudumar ya dubi mai ita.

"Ina za ka da wannan?"

"Na dama zan fasa. Bangona ne, ba na kowa ba."

"Hatsinka fa?"

"Hatsina ne."

Malam Gide ya lumshe ido. Da ya buɗe akwai ɗan hasken nan na da a ciki, irin wanda yake yi in wata dabara ta faɗo masa, hasken da duk unguwa ta koyi jin tsoronsa.

"Ajiye ta tukuna. Na kwana ina lissafi. Yatsu uku ne fa. Bodin nan kwano ne, yana lanƙwasa. A shafe ginshiƙan da baƙin mai, a shafe gefen motar, Sagiru ya ba ta wuta, samari su tura. Za ta zame ta wuce."

"Malam..."

"In ta ƙi, gobe ka fasa. Ban hana ka ba. Amma a gwada tawa tukuna."

Baba Ɗanlahadi ya san ba za ta wuce ba. Sagiru ma da aka kira shi ya sani. Amma wa zai dubi mutum a wannan hali ya ce masa dabararsa ta ƙarshe ba ta yi ba? Kuma, a faɗi gaskiya, can ƙasan zuciyarsa Baba Ɗanlahadi ya ji wani ɗan sauƙi da aka ce gobe.

Aka cire ƙyauren aka jingine. Aka samo tsohon baƙin mai a gareji, aka yi ta shafawa da tsumma har ginshiƙan suka koma baƙi ƙirin suna sheƙi. Maza suka taru a bayan motar. Adama ta ɗaure kayan tafiya a zani ta ajiye a bakin ɗaki, da buta, da 'yar jakar maganinsa, ta tsaya a bayan labule.

Sagiru ya tayar da ita, ya sa giya. Hancin ya fita. Mazaunin direba ya wuce, sarari kamar na zare ta kowane gefe, har wani ya fara cewa Allahu akbar. Sai bodin ya iso. Ƙarfe ya kama kuka a jikin siminti, irin kukan da ke sa haƙori tsami.

"Ba ta wuta," in ji Malam Gide. Ba a ji shi ba, sai Baba Ɗanlahadi ya maimaita da ƙarfi.

Sagiru ya taka totur. Maza suka sa kafaɗa. Motar ta ƙara shiga kamar taki guda, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa wa mutane taɓo, hayaƙi ya cika gidan. Katakon da ke kan ginshiƙin hagu ya motsa, ƙasa ta zubo daga rufin Adama.

"Tsaya!" Baba Ɗanlahadi ya daki bodin. "Kashe ta."

Aka gwada mayar da ita baya, ta ƙi. Aka gwada gaba, ta ƙi. Ta cije tsakanin ginshiƙan nan, kai a waje, gindi a cikin gida, ta toshe ƙofar ruf, ko kaza sai ta bi ta ƙarƙashi. Waɗanda suka tura suka tsaya cirko-cirko, riguna duk mai da taɓo, kowa na kallon ƙasa. Babu wanda ya yi dariya. Wannan rashin dariyar ya fi dariyar ciwo.

Baba Ɗanlahadi ya je ya tsuguna kusa da tabarma. Malam Gide na kallon motar, ƙirjinsa na hawa da sauka. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Baba Ɗanlahadi ya zaci tari ne, ya kai hannu zai tallafe shi, ashe dariya yake, marar sauti, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Maƙwabci."

"Na'am, Malam."

"Ashe akuyar nan ta ci da yawa."

Baba Ɗanlahadi ya buɗe baki, abin da ya fito ba dariya ba ne ba kuka ba. Ya riƙe hannun nan da ya bushe kamar kara.

"Yanzu zan fasa. Ba sai gobe ba. Sagiru, kira yara su kwashe buhunan."

"Bari rana ta yi sanyi," in ji Malam Gide. "Ka ga ai ta leƙa waje. Rabin alkawari ke nan." Ya ɗan huta. "Indararon nan ma ban juya maka shi ba."

"Bar shi. Ramatu ta saba da ruwan banza."

Duk da haka bai jira rana ta yi sanyi ba. Ya haura ta cikin bodin, ya dafa ginshiƙi ya taka bakin ƙofar direba ya fita, gwiwarsa na ƙara. Suka shiga kwashe masara shi da Sagiru da 'yan unguwa, suna jibgewa a zaure. Sun ci rabin ɗakin, ana kiran azahar, sai ya ji muryar Ramatu daga kan turmi. Ba ihu ta yi ba. Sunan da take kiransa da shi kawai ta kira, sau ɗaya, ya saki buhun da ke hannunsa.

Adama ta ce ruwa ya nema. Ta ɗago kansa ya kurɓa, ya yi kalmar shahada, ya tambaye ta ko an sa buta a mota. Ta ce an sa. Shi ke nan.

Maganar Damari ta mutu a nan, don babu mai ɗaukar gawa ya shiga wannan hanya da yamma, kuma ba a ajiye mamaci ya kwana yana jiran mota. Liman ya zo, dattijo da shi, sai da aka riƙe masa hannu ya taka ya haura ta cikin bodin, babbar rigarsa ta kwashi baƙin mai. Masu wanka suka bi ta nan. Makara ma ta sama aka miƙa ta. Mata kuwa ta gidan Ramatu suka bi, aka sa tsani a gajeriyar katangar suna haurawa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi na salati. Baba Ɗanlahadi na tsaye a rana yana kallon wannan wahala, kunya ta rufe shi kamar shi ya gina ƙofar. In an bi ta wani wajen, ai da shi aka gina ta.

Da aka gama shiri ya matso kusa da liman da gudumarsa. "Malam, ku ba ni ɗan lokaci in buɗe hanya. Kada a fitar da shi ta sama kamar buhu."

Liman ya dubi gabas inda hadari ya yi baƙi. "Ba lokaci, Baba. Ruwa na tahe, kabari na jira. Allah ya ga niyyarka."

Aka ɗauko makarar daga tsakar gida. Da aka iso motar, dole sai an ajiye ta a cikin bodin, don masu ɗauka su haura su zagaya waje su karɓa ta saman kan motar. Aka zura ta a hankali. Ta zauna daram, kamar don ita aka ƙera wurin, a inda buhunan masara suka yi shekaru suna kwanciya, kan mamacin wajen hanya.

Maza suka fara haurawa. Baba Ɗanlahadi ya dafa gefen bodin ya ce, "Ku ɗan dakata."

Aka dakata. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Iskar hadari ta taso tana kaɗa gefen tabarmar da aka rufe shi da ita. Daga bayan labule sai muryar Adama ta fito, a dishe, ba ta kira sunan kowa ba.

"Ya hau?"

Baba Ɗanlahadi ne ya juya wajen ɗakin.

"Ya hau, uwargida."

"To. Alhamdu lillahi."

Aka ɗaga shi ta saman motar, hannu ya karɓa daga hannu, aka sauke a titi. Baba Ɗanlahadi ya tsaya gefe har aka idar da salla, ya bi su maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa. Suna juyowa ruwa ya kece.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, ya sake ɗauko guduma. Ɗakin hatsin ya riga ya zama fanko. Ya aika Ramatu ta gaya wa Adama kada ta tsorata in ta ji duka, ginshiƙin dama zai fasa a janye motar, a mayar mata da ƙyaurenta. Ramatu ta hau turmi, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta sauko.

"Ta ce ka bar ta."

"In bar ta yaya? Ta ina za a riƙa shiga?"

"Ta ce tun da suka zo garin nan ba ta taɓa samun ƙofar da ta rufu kamar wannan ba. Ko ɓarawo sai ya yi tunani. Ta ce in ta fita takaba a yi yadda za a yi, amma yanzu tana so in ta ɗaga labule ta gan ta a nan." Ramatu ta gyara ɗaurin zani. "Ɗiyarta Zulfa za ta zo daga Faskari ta zauna da ita, ga ta da tsohon ciki. Ita ma tsanin za ta riƙa hawa?"

Baba Ɗanlahadi ya tsaya yana juya gudumar a hannu. Ya dubi ginshiƙin, ya dubi gajeriyar katangar da ke tsakanin gidajen biyu, daidai wajen madafar Ramatu, inda turmi ya yi gurbi a ƙasa saboda yawan takawa.

"Tambaye ta, in na buɗe mata ƙofa ta nan, ta wajenki, ta yarda?"

Ramatu ba ta ko hau turmin ba. Daga bayan katangar aka ce, "Na yarda, Baba. Allah ya saka."

Ya fita bayan gida ya yanko kara daga 'yar dawar da Ramatu ta shuka a gefen juji, ɗanye shar. Ya gwada faɗin ƙofar madafa da shi, ya ƙara sarari don mai ciki da mai tulu, ya datse. Ya zo ya ɗora a jikin katangar ya zana da gawayi, nan da nan. Sai ya ga babu abin kwashe ƙasa, ya juya zai ɗauko kwando, har ya kai hannu zai jingine karan a bango.

A kan tarin itacen da ke ɗaya gefen, wata 'yar akuya, jikar waccan, ta ɗora ƙafafu a kan katanga ta zuro kai tana kallonsa, bakinta na motsi.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya yi ɗage, gwiwa na ƙara, ya soke karan can sama a ƙarƙashin indararon Malam Gide, inda sauran ruwan safe ke ɗiga cikin duro ɗaya bayan ɗaya.